Sawuna da Sawun Baleri

Wato ku a ganinku shanu ne ke yin huɗa, mutum kuwa bin baya kawai yake yi, ko? Na ji wanda ya faɗa, kai mai jar hular nan, ba sai ka ɓuya a bayan ɗan'uwanka ba. Kun haɗa kai kun sayi shanu biyu da garma, kun zo Baba Adamu ya nuna muku a yini ɗaya, gobe ku fara karɓar gonakin mutanen Vimtim. Madalla da ku. To, ku nemi wuri ku zauna. Ni za ku ga ina zama ina tashi, don ba na iya dogon zama, ba na kuma iya doguwar tsayuwa. Kada abin ya dame ku, bayana ne, kuma shi ma yana cikin abin da kuka zo koya.

A hannun Baffa Hamman na koyi aikin nan, wani Bafillace da ya zauna a Kolere bayan garkensa ya ƙare. Daminar farko ko hannun garma ban taɓa ba. Aikina yankan ciyawa, jiƙa dusa da kanwa, cire kaska, da shafa mai a wuyan sa inda karkiya ke zama. Damina ta biyu ya ba ni igiyar hanci, ina gaba ina jan shanu, shi yana baya yana zagina da Fulatanci. Sai a ta uku ya ce in riƙe garma. Kunyar da na fara yi, wallahi maciji ya fi ta miƙewa. Baffa ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Adamu, wannan gona ce ko hanyar Maiha?"

Ga garmar nan, ku dube ta da kyau. Hannuwa biyu. Baki, shi ne ke tsaga ƙasa, in ya cinye ka kai wa maƙeri. Kunnuwa biyu, su ke watsa ƙasa hagu da dama. 'Yar taya a gaba, sai sarƙa zuwa karkiya. Shi ke nan, ko injin niƙa ya fi ta kayan ciki. Amma ku riƙe wannan: garma ba ta gama kunya a tafiya ɗaya. In ka tafi, ta zuba rabi a hagu rabi a dama. In ka juyo, sai ta cika ɗaya rabin. Saboda haka in hannunka ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ko da kaɗan ne, kunne ɗaya zai ci ƙasa fiye da ɗan'uwansa, a tafiya da dawowa. Sai ka juya ka ga kunya ɗaya ƙatuwa, ta kusa da ita siririya, ƙatuwa, siririya, har ƙarshen gona.

Hannu kuwa ba ya daidaita don ka ce masa ya daidaita. Daga ƙafa abin yake tasowa. Kwarin da garma ta buɗe bai fi faɗin tafin ƙafarka ba, a ciki za ka yi tafiya, ƙafa gaban ƙafa. In ƙafar dama ta yi gaba, ƙugu ya bi ta, kafaɗa kuma ta murɗa ta koma ɗaya gefen. Wannan murɗawar da ke tsakiyar jiki ita ke shanye girgiza, hannuwa su zauna lafiya a kan garma. Ba wanda ya gaya mini wannan a lokacin. Mai lafiya bai san yadda yake tafiya ba, tafiya kawai yake yi.

Abin da Baffa ya koya mini da baki shi ne sayen sa. Na tuna ranar da ya kai ni kasuwar shanu a Mubi. Wani dillali ya nuna mana bijimi fari tas, ga tozo, ga ƙirji, ni har na fara yi masa suna a raina. Baffa bai ko taɓa shi ba. Ya ce a ja shi ta bayan kwatami inda ruwa ya jiƙa ƙasa. Da aka wuce, sai ya tsuguna a kan sawun. Ya ce, "Duba nan. Sa mai lafiya, kofaton baya yana sauka inda na gaba ya tashi. Wannan na hagunsa ba ya kaiwa. Akwai abin da yake ɓoyewa a ƙugu." Dillali ya yi rantsuwa har ya gaji, mu dai muka wuce. Tun daga ranar ban taɓa sayen sa a tsaye ba, sai na ga sawunsa a ɗanyar ƙasa.

Da haka na zaɓi Baleri da Daneri, baƙi da fari ke nan a bakin Fulani. Suna 'yan maruƙa na ɗauko su, ni na huda musu hanci, ni na fara ɗaura musu gungume suna ja a fili. Baleri a hagu ya koya, Daneri a dama, kuma ko za ka kwana kana lallashi ba za su yarda a sauya musu ba. Har suka kai ba na buƙatar mai ja a gaba. Murya kawai. In ce "haa" su tafi, in yi tsaki su juya. Mutane kan tsaya a hanya su kalli mutum ɗaya da shanu biyu suna zana gona. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin kallon.

Masu gona kuma, wannan wani karatu ne daban. Ruwan shuka in ya sauka, duk garin safiya ɗaya suke so. Mai babbar gona zai aiko da mashin tun kafin ka wanke ido. Wani zai ce ai shi ya fara magana tun bara. Wata za ta zo da kunu a kwano ta ajiye ba ta ce komai ba, ita ce ta fi kowa iya roƙo. Kuma gonakinmu na gindin dutse ba irin na fadama ba ne. Dole kunya ta gitta gangara, ta tare ruwan da ke saukowa daga tsauni. In ta yi ƙarfi ta riƙe shi ya nutse a ƙasa. In ta yi rauni a wuri ɗaya, ta nan zai fasa, ya kwashe na ƙasa da ita gaba ɗaya.

Ciwon bayan nan ban san ranar da ya fara ba. Ban faɗi ba, sa bai tunkuye ni ba. Ɗaga garma ne a ƙarshen kowace kunya don a juya, da ɗora ta a amalanke, da sunkuyo, shekara da shekaru. Da fari da yamma yake zuwa, in na kwana ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Ya zauna a nan ƙasan baya, gefen dama, wani lokaci ya leƙa cinya. Na sha ƙwayar kemis, na shafa man zafi, wanzami ya yi mini ƙaho, na ɗaure ƙugu da tsohon rawani. Tun da bai kwantar da ni ba, ban lissafa shi cikin ciwo ba. Wane manomi ne bayansa ba ya ciwo?

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya sauka da kyau, aiki ya yi yawa, amma kunyoyina suka ƙi kyau. Ƙatuwa, siririya, ga kuma lanƙwasa a tsakiya. Na kwance kunnuwan garma na sake ɗaurewa. Na kai baki wurin maƙeri, ya duba ya ce ba abin da ya same shi. Na sauya sarƙa. Ana nan sai Baleri ya fito da gyambo a wuya, gefe guda, daidai inda karkiya ke gugarsa. Ya fara noƙewa in ya ga karkiya, a cikin aiki kuma yana fizgewa waje. To ai magana ta ƙare, an ga mai laifi. Duk wanda na yi wa zancen a majalisa sai ya ce sa ya koyi mugun hali, kuma sa in ya lalace ba ya gyaruwa. Tsumagiyar da ban saba ɗagawa ba, a daminar nan ta yi aiki.

Gonar da ta fi shan wahala ita ce ta Mama Lidiya. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, gonar gyaɗarta tana can gindin dutse, kuma da ita take riƙe kanta da jikokinta. Na yi mata huɗa, ta shuka. Ruwa mai ƙarfi ya zo ya sami siraran kunyoyin nan, ya fasa su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe irin gyaɗa ya zuba a mayo, rafin nan da kuke tsallakawa in za ku gari. Na je na gani da idona. Ita ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Adamu, ba haka ka saba yi mini ba." Wasu ba su ma yi magana ba, sai dai na hango shanun wani a gonakinsu.

Na yanke shawara in rabu da Baleri. Ku kuma sani, san huɗa mai gyambo a wuya a tsakiyar damina, ba manomin da zai saye shi. Mahauci ne kaɗai. Na san haka, maman yara ta san haka, shi ya sa ranar kasuwa da safe ta shige ɗaki don kada ta ga fitarsa. Na ba shi dusa ya ci ya ƙoshi, na kama igiya muka kama hanyar Mubi a ƙasa.

An yi ruwa a daren, ƙasa da laima. Mun tsallake yashin mayo ke nan sai na ji ana kira daga baya.

"Adamu! Tsaya mana, kana sa tsohuwa gudu."

Mama Lidiya ce, da kwandon kuɓewa a ka, za ta bakin titi ta hau mashin. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ga wanda ya ɓata miki gona, yau zan kai shi."

Ta sauke kwando, ta dubi san, ta dube ni. Ta ce, "Tun daga wajen coci nake bayanku. Ku biyu nake kallo. Ɗaya yana tafiyarsa daidai, ɗaya kuma kamar an ɗaura masa katako a baya."

Na ce, "Ai wuyansa ne, Mama."

Ta ce, "Ba shi nake nufi ba, ɗana."

Na yi dariya, don ban san abin da zan yi ba. Ita ba ta yi ba. Ta ce maigidanta, Allah ya ji ƙansa, haka ya yi tafiya shekaru kafin ya kwanta. Hannu ba ya lilo, kafaɗa da ƙugu suna juyawa tare kamar ƙofa, jiki ya jingina gefe yana gudun wurin ciwo. Ta ce ko a cikin taron kasuwa ta hango irin tafiyar nan daga nesa tana gane ta. Sannan ta nuna yashin da muka taka. "Kai da aka ce ka iya duba sawun shanu, je ka duba."

Na koma na tsuguna, yadda Baffa Hamman ya tsuguna a bayan kwatami. Sawun Baleri ga shi nan, kofaton baya a cikin na gaba, hagu da dama, a miƙe kamar an ja igiya. Ko sayensa zan yi a ranar, da na saya. A gefensa ga nawa. Ƙafafu a wawware, kamar mai tafiya a kan santsi. Taku ɗaya dogo, ɗaya gajere. Ƙafar dama ta karkata waje, diddigenta ko shiga yashi bai yi ba, a shimfiɗe nake ajiye ta in yi maza in ɗauke. Ta hagu kuwa ta nutse, don duk nauyina a kanta yake. Mutumin da ke tafiya haka ba zai iya bin kwarin garma ƙafa gaban ƙafa ba. Dole ya danne hannun hagu, kunnen hagu ya ci ƙasa, sarƙa ta ja a karkace, karkiya ta murɗe a wuyan san da ke hagu.

Na daɗe a tsugune, har tashi ya yi mini wuya, sai da na dafa Baleri. Mama Lidiya ta ce in taimaka in ɗora mata kwandonta, sannan ta ce, "Mai da shi gida. Kuma kai ka je asibiti, kada ka yi irin ta mutumina. Shi kwanciya ya yi wai yana hutar da baya, daga nan bai ƙara tashi ba."

Da maman yara ta ji kukan sa a ƙofar gida, ta fito da gudu ko ɗankwali babu.

A asibiti aka tura ni ɓangaren masu gashin ƙashi. Wata yarinya na samu, 'yar wajen Michika, ba ta fi 'yata ba. Na ɗauka allura za ta yi mini. Sai ta ce, "Baba, cire takalmi ka yi tafiya zuwa ƙarshen barandar nan ka dawo." Na je na dawo, ta ce in sake, da ɗan sauri. Ta tsaya a baya ta kalla, ta koma gefe ta kalla. Na ce a raina, yau ni ne sa a kasuwa. Da ta gama dubawa da lallatsawa, ta ce ba abin da ya karye. Ta ce baya in ya daɗe yana ciwo, naman wurin yakan ɗaure kansa don tsoron motsi, sai tsakiyar jiki ta daina murɗawa, taku ya gajarce, mutum ya rage sauri ya buɗe ƙafa don kada ya faɗi. Ta ce abin da ya fi wuya, ko ranar da ciwon ya lafa, jiki ya riga ya saba da tafiyar tsoro, sai an sake koya masa.

Na ce, "Likita, in bar garma ke nan?"

Ta ce, "Ban ce ka bari ba, Baba. Na ce ka sauya yadda kake yi. Kwanciya ce ba na so."

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka duk inda take. Ta ba ni motsa jiki iri-iri. Ƙato da ni, da furfura, ina kwance a tabarma na rungume gwiwa ina juya ta hagu da dama, maman yara tana leƙe tana dariya har da riƙe ciki. Da safe in fita in yi tafiya ina wurga hannu kamar sabon soja, mutane suna tambaya ko lafiya. Na kai garma wurin mai walda ya ƙara wa hannuwan tsawo, na daina sunkuyo. A ƙarshen kunya na daina ɗaga ta, sai in kwantar da ita a kunne ɗaya shanu su ja ta su juyo. Wannan dabarar da na san ta tun ina shekarunku, da ban zama mai zama da tashi ba.

Sauran daminar kuwa, da wuyan Baleri ya kame, surukin Mama Lidiya, Bitrus, shi ya riƙe garma. Ni na koma gaba da igiyar hanci, aikin da na bari tun damina ta biyu a gidan Baffa. Masu tsayawa kallo a da suka sake tsayawa, wannan karon da wata irin fuska. Ban damu ba. Gonar Mama muka fara gyarawa. Lokacin gyaɗa ya wuce, sai ta shuka wake. Na waiwaya daga gaba na ga kunyoyi suna fitowa kai ɗaya a bayan shanun nan, shanun da aka ce ɗayansu ya lalace. Baleri bai fizge ko sau ɗaya ba.

Ciwon bai tafi ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Yana nan, mun dai san juna. Akwai safiyar da nake tashi in ji tafiyar tsoron nan tana so ta dawo, sai in tsaya in saki kafaɗa, in tuna wa ƙafar dama ta sa diddige a ƙasa. Damina ta gaba na koma bayan garma, rabin yini kawai, kuma masu gonaki suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Gonar Mama Lidiya ita nake fara yi kowace shekara, kafin tawa, kafin ta mai aiko da mashin. In ta kawo maganar biya sai in ce ban ji ba, kunnena ma ya fara tsufa. Na gode wa Allah, na gode wa Baffa Hamman da ya koya mini kallon ƙasa, na gode wa tsohuwar da ta bi ni a baya ranar nan ba ta hau mashin tun daga gida ba.

Daneri na sayar da shi da ya tsufa, kamar yadda kowa ke yi, ba na jin komai a kai. Wancan baƙin da ke kwance a gindin ɗorawa yana tuƙa, shi ne Baleri. Ya daina aiki, haƙoransa sun ƙare, dusa sai an jiƙa masa sosai. Dillalai sun gaji da zuwa. Kai mai jar hula, tashi ka je, ba ya tunkuyi. Sa hannunka a wuyansa, can inda karkiya ke zama. Ka ji wurin da gashi bai sake fitowa ba? Bayana ne ya yi wannan, shi kuma ya ɗauka bai da bakin da zai faɗa, har na ja shi zuwa wurin mahauta yana bina a hankali.

To, yanzu ku cire takalmanku. Na sa an watsa ruwa a yashin can tun kafin ku zo. Ku taka ɗaya bayan ɗaya, kowa da tafiyarsa ta kullum, ban da gyara. Shanunku zan duba daga baya, na san lafiyarsu ƙalau. Ba wanda zai taɓa hannun garmar nan sai na tsuguna na ga sawunsa.